Ranar sauka a Orlando: a wuce filin wasa ko a kwana tukuna?

Magidanci ya yi shekara yana tara kuɗi, ya samu hutu, ya yi wa yara alkawarin zai kai su Disney World, babban wurin wasanni da shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka. Da ya duba tikitin jirgi ya ga an rubuta za su sauka Orlando ƙarfe 1 na rana, sai zuciya ta fara raya masa cewa ga rabin yini nan zai tafi a banza, me zai hana a ajiye kaya a wuce Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan Disney, kai tsaye. Yaran ma abin da suke so ke nan. Wata da watanni suna kallon gidan sarautar nan mai dogayen hasumiyoyi a waya, wa zai ce musu su jira sai gobe?

Ni ra'ayina a bayyane yake: ga mafi yawan iyalan da suka yi doguwar tafiya, ranar sauka ta hanya ce, kuma bai kamata a ɗora mata tikitin filin wasa ba. Amma akwai waɗanda shigar za ta yi musu daidai, har ma su ci riba. Ga yadda za ka gane ɓangaren da kake, mataki bayan mataki, tun kana gida kafin ka biya ko sisi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: lissafa lokacin da za ka tsaya a bakin ƙofa

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin da jirgi zai taɓa ƙasa ne kawai, kuma tsakaninsa da ƙofar filin wasa akwai aiki mai yawa. Ɗauki takarda da biro ka rubuta.

Idan Orlando ce tasharka ta farko a Amurka, kamar wanda ya taso kai tsaye daga Landan ko Dubai, a nan za ka bi layin jami'an shige da fice. Wata rana rabin awa ya isa, wata rana jirage uku ne za su sauka tare, ka share awa biyu a tsaye. Idan kuwa ka fara sauka a wani birni, misali wanda ya taso daga Legas ya biyo ta Atlanta, a can za a yi maka wannan binciken, ka karɓi akwatunanka, ka sake miƙa su, sannan ka hau jirgi na biyu na kimanin awa ɗaya da rabi. A irin wannan tafiya haɗarin yana wurin canjin jirgi: layi ya yi tsawo, jirgi na biyu ya tashi ya bar ku, a saka ku a na yamma.

Bayan haka sai jiran kaya, sai neman mota. Disney ta daina jigilar baƙinta kyauta daga filin jirgi tun farkon 2022, don haka ko dai ka yi hayar mota, ko ka kira Uber ko Lyft, ko ka biya motar haya irin ta Mears. Hayar mota tana da nata layin da cike takardu, in da ƙananan yara kuma sai an ɗaura musu kujerunsu. Daga filin jirgi zuwa yankin Disney kimanin kilomita 30 ne, tafiyar rabin awa in hanya ta yi kyau, fiye da haka in yamma ta yi an taso daga aiki.

Dole ka biya ta otal, domin ba a barin manyan akwatuna su shiga filin wasa. Otal-otal ɗin Disney ba sa ba da ɗaki a hukumance sai ƙarfe 3 na yamma, wasu sai ƙarfe 4, ko da yake za su karɓi kayanka su ajiye maka in ka riga lokaci. To a nan ne za a ci abinci, a yi sallah, a canza wa yara tufafi, a tono takalman tafiya daga ƙasan akwati.

Abu na ƙarshe shi ne wanda baƙi ba su cika sani ba. Disney World gari ne guda, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, da filayen wasa huɗu a warwatse: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Magic Kingdom kuwa ba a ajiye mota a bakinsa. Akwai tafki tsakanin wurin ajiye motoci da ƙofa, sai ka hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya kafin ka ƙetare, ga kuma binciken jakunkuna. Motocin bas na otal ɗin Disney ne suke kai mutum har kusa da ƙofa, su ma sai an jira su.

In ka haɗa duka, wanda ya zo daga ƙasar waje ya ƙara awa huɗu zuwa biyar a kan lokacin sauka. Wanda ya taso daga cikin Amurka, kamar New York ko Washington, ya ƙara awa uku. Ga wanda ya zo daga ƙasar waje, ƙarfe 1 ɗin nan da ya gani a tikiti ta koma ƙarfe 5 ko 6 na yamma.

Mataki na biyu: duba lokacin rufewa na wannan ranar

Kowane fili da lokacinsa, kuma yana canzawa daga rana zuwa rana. Animal Kingdom ya fi kowanne saurin rufewa, sau da yawa da magariba an tashi. EPCOT yakan kai ƙarfe 9 na dare. Magic Kingdom yakan wuce haka, amma daga watan Agusta zuwa Disamba akwai dararen da ake keɓewa don bukukuwa masu tikiti daban, kuma a irin waɗannan ranaku mai tikitin yau da kullum ƙarfe 6 na yamma ake sallamarsa. Shiga manhajar My Disney Experience ka duba ainihin ranar da za ka sauka. Cire lokacin isowarka daga lokacin rufewa. In abin da ya rage bai kai awa biyar ba, ka riga ka sami amsa, sai dai in mataki na huɗu ya ce maka wani abu daban.

Mataki na uku: tambayi jiki, musamman jikin mafi rauni a cikinku

Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ya tabbata a hadisi cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Jirgin sama ya gajarta kwanaki, amma bai cire wannan ba.

Najeriya da Nijar suna gaban Florida da awa biyar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa shida a sauran watanni. Ingila tana gaba da awa biyar kusan duk shekara. Ma'ana, wasan tartsatsin wuta da ake yi a Magic Kingdom wajen ƙarfe 9 na dare, a jikin yaron da ya taso daga Kano ƙarfe 2 na dare ne. Kafin a fito daga cunkoso, a ƙetare tafki, a isa ɗaki, a jikinsa an kusa kiran assalatu. Kuma wannan yaron ya riga ya kwana a zaune, in ma ya yi barcin. Jirgin Legas zuwa Atlanta kaɗai ya haura awa goma sha biyu, ban da tafiyar Kano ko Abuja zuwa Legas da zaman jira. Landan zuwa Orlando awa tara ne da ɗoriya.

Filin wasa kuma ba wurin hutu ba ne, ko da yake ana kiransa wurin shaƙatawa. Tafiyar ƙasa ce mai yawa, mutum kan yi kilomita goma ko fiye a yini, ga tsayuwa a layi wanda a manyan wasanni yakan kai awa guda. Mu da muka tashi a zafin Sakkwato ko Maiduguri mukan raina zafin wasu ƙasashe, amma na Florida daban ne: daga Yuni zuwa Satumba ma'auni kan nuna 32 zuwa 34, sai dai iska cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki. Kuma a waɗannan watanni kusan kullum da rana tsaka zuwa la'asar hadari kan haɗu, a yi ruwa da tsawa, a dakatar da wasannin da suke a sarari. Wannan ya faɗa daidai lokacin da mai sauka yake shirin shiga.

Don haka kada ka auna da ƙarfinka. Auna da yaro ɗan shekara uku, da mai juna biyu, da Hajiya ko Baba in da su aka zo, da mai ciwon suga wanda lokacin abincinsa da maganinsa ya rikice a hanya. Manya suna da kawaici. In ka ce, "Hajiya, za ki iya?" za ta ce, "Babu komai, ku muje, kada yara su rasa." Ba za ta so a ce saboda ita aka fasa ba. Kai ne za ka dubi kumburin ƙafarta ka yanke hukunci, ba tare da ka sa ta jin ta zama nauyi ba.

Na ga wannan da idona. Shekarar da muka fara zuwa da iyali, na sayi tikitin ranar sauka tun muna gida. Jirginmu na biyu ya yi jinkiri, akwati ɗaya bai iso ba, kuma a cikinsa takalman yara suke. Duk da haka muka shiga, saboda kuɗin da aka riga aka biya yana ci mini rai. Mun yi abin da bai wuce awa uku ba, mun hau wasa biyu, ƙaramar ta yi barci a kafaɗar mahaifiyarta tun kafin a fara wasan wuta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne washegari, ranar da muka tsara za ta zama babba: ba wanda ya iya tashi da wuri, yayan ya wuni da ciwon kai, sai bayan azahar muka fita. Awa ukun nan sun cinye mana yini guda cikakke.

Mataki na huɗu: nawa ranar za ta ci?

A nan ne lissafi yake iya juyawa, don haka a bi shi a hankali. Galibi Disney ba ta sayar wa baƙo na yau da kullum tikitin rabin yini. Ko ka shiga ƙarfe 9 na safe ko 7 na dare, yini guda ka ci. A 2025 tikitin yini ɗaya ya fara daga dala 119, yana hawa har ya doshi 200 a Magic Kingdom a ranakun cunkoso. Yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, daga uku zuwa tara akwai ɗan ragi kaɗan, daga goma kuma kuɗin babba zai biya. Iyali mai mutum biyar, ana maganar dala 600 ko fiye don awa uku ko huɗu.

Amma tikitin kwanaki da yawa tsarinsa daban ne. Kwanakin farko su ne masu tsada, bayan na huɗu kuɗin kowace rana da aka ƙara yana faɗuwa sosai. Mai tikitin kwana biyu da yake son ya mayar da shi uku zai ji a aljihunsa. Mai tikitin kwana shida da yake son ya mayar da shi bakwai, abin da zai ƙara kaɗan ne idan aka kwatanta. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: shiga shafin sayar da tikiti, saka adadin kwanakinka ba tare da ranar sauka ba, rubuta jimla, sannan ka ƙara kwana ɗaya ka sake rubutawa. Bambancin shi ne ainihin farashin ranar sauka. Raba shi da awannin da ka samu a mataki na biyu, ka ga ko zuciyarka ta yarda.

Waɗanda suke zaune a Ingila suna da wata dama, domin a can ana sayar da tikitin kwana 14 wanda mutum zai shiga duk ranar da ya ga dama a cikin wa'adin. Mai irin wannan, da mai katin shekara, shigar ranar sauka ba ta ƙara musu komai. Su batunsu na jiki ne kawai.

Ka kuma lura da wa'adi. Tikitin Disney yana da ranar farawa da kai ka zaɓa, kuma daga ranar agogo yake fara bugawa: na kwana huɗu dole a gama shi cikin kwana bakwai, na kwana biyar cikin kwana takwas. In ka sa ranar sauka a matsayin ranar farawa sannan jirgi ya makara, kwanakinka ba su ragu ba, amma wa'adin ya ragu da kwana ɗaya. Ga mai gajeren hutu wanda ba shi da ranar da zai mayar da ita, wannan asara ce kai tsaye, don ba a mayar da kuɗin tikiti.

Shawarata a nan ita ce ka sa washegarin sauka ta zama ranar farawa. In kun iso da wuri, kowa garau, kuma ka ga lallai kuna so, ana iya zuwa wurin sayar da tikiti a nemi gyara ko ƙari. Ƙara rana bayan ka ga halin da kuke ciki ya fi sauƙi a kan neman ceto ranar da ta riga ta tafi. Haka nan kada ka sayi Lightning Lane, wato izinin bin gajeren layi, don ranar sauka, kuma kada ka kama teburin cin abinci a cikin fili a wannan daren, domin ana cajin wanda ya kama wuri bai zo ba.

Mataki na biyar: su wa ya kamata su shiga?

Akwai su. Wanda ya taso daga New York da jirgin asuba, tafiyar da ba ta wuce awa uku ba kuma babu bambancin lokaci, zai iya kasancewa a ƙofa kafin azahar, yini kusan cikakke. Haka matasa ko ma'aurata da ba su da ƙananan yara, da jakar goyo kawai suka zo. Haka wanda hutunsa gaba ɗaya kwana uku ne, wanda in ya bar ranar sauka ya bar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Haka wanda ya taɓa zuwa, ya san hanya, ba ya jin dole sai ya ga komai. Wanda ya tuƙo mota daga Atlanta kuwa, tafiyar kimanin kilomita 700, in ya isa ya ƙyale direba ya huta, ko da sauran suna jin ƙarfi.

In kana cikin waɗannan, zaɓi filin da ya fi kusa da masaukinka kuma mai sauƙin shiga. Ni EPCOT na fi so a irin wannan yamma: ana ajiye mota a gabansa, yana da faɗi, ana iya zagaya tafkinsa a hankali ana kallon rumfunan ƙasashe goma sha ɗaya, har da ta Maroko, ba tare da an shiga layin komai ba. Magic Kingdom a bar shi sai ranar da aka yi barci, domin shi ne yara suka zo gani, kuma ganin farko sau ɗaya ake yin sa. Ku zaɓi abu biyu ko uku kacal, ku sa lokacin fita tun kafin ku shiga, ku faɗa wa yara don kada a yi rigima a ƙarshe. Kayan da za a buƙata, takalma, magani, riga mai sauƙi, rigar ruwa, su kasance a jakar hannu tun daga gida. Wuraren sayar da abinci na kan kanta suna ba da ruwan sanyi a kofi kyauta in ka roƙa, ku riƙa sha akai-akai. Matafiyi yana da rangwamen kasaru da haɗa salloli, don haka a yi azahar da la'asar a otal kafin a fita. Irin wannan lissafin yana aiki ga filayen Universal ma, wato na wani kamfanin daban a Orlando, har da Epic Universe da aka buɗe a watan Mayun 2025.

Mataki na shida: in ba a shiga ba, me za a yi da ranar?

Kada a kulle a ɗaki a yi barci tun la'asar. Wanda ya yi haka zai farka ƙarfe 1 na dare ido a bushe, ya ɗauki kwana uku jikinsa bai daidaita ba. Abin da ake so shi ne a ga hasken rana, a motsa jiki kaɗan, a jure har wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare sannan a kwanta. Ƙananan yara za a iya barinsu su ɗan runtsa na awa guda, a tashe su.

Abubuwan yi kyauta suna da yawa. Disney Springs unguwa ce ta shaguna da wuraren cin abinci a bakin ruwa, ba a biyan kuɗin shiga, ba a biyan na ajiye mota, kuma yaro zai ji lallai ya iso Disney. Jirgin ƙasa mai dogo ɗaya kyauta ne ga kowa, haka ma Skyliner, kekunan nan masu tafiya a kan igiya a sama da aka fara a 2019, kuma ga ɗan shekara biyar wannan ma wasa ne. Kududdufin wanka na otal ya ishi yara da yawa. A 2025 Disney ta ba wa masu sauka a otal-otal ɗinta shiga filin wasan ruwa kyauta a ranar da suka karɓi ɗaki, don haka duba ko irin wannan tayin yana nan a lokacin tafiyarka. Amfaninsa shi ne in jirgi ya makara ba ka yi asarar komai ba.

Sannan akwai aikin da in ba a yi shi yau ba zai ci lokacin gobe. A je babban kanti irin Walmart ko Publix a sayo katan ɗin ruwa, burodi, madara, ayaba, kayan shayi, da man kariya daga rana, don an yarda a shiga filayen Disney da abinci da ruwa daga waje. A nemo wurin abincin halal mafi kusa, akwai su a yankin International Drive da Kissimmee. A tabbatar layin waya yana aiki, a haɗa tikitin kowa a cikin manhaja, a gwada keken tura yaro, a koya wa yaran da suka yi wayo lambar wayar babansu, ƙananan kuma a rubuta musu a takarda a saka a aljihu.

Wanda ya zo daga gabas yana da wata riba da bambancin lokaci ya ba shi: jikinsa zai tashe shi tun kafin asuba ba tare da ƙararrawa ba. Awa biyun farko bayan an buɗe ƙofa su ne lokacin da layuka suka fi gajarta kuma rana ba ta yi zafi ba, masu kwana a otal ɗin Disney ma ana barinsu su shiga minti 30 kafin kowa. A shirya jaka tun da dare, a jera takalma a bakin ƙofa, a yi sallar asuba, a karya, a bar otal awa guda kafin lokacin buɗewa.